Zanen Kaka a Kumasi, Akwatin Bashi a Kano

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wata cuta da ta kama mu, mu da ake kira 'yan boko, wato raina abin da hannun iyayenmu ya yi. Ba inda cutar nan take fitowa fili kamar ranar kai lefe. Akwati shida, akwati goma sha biyu, ana buɗewa ana guɗa: atamfar Holan, shaddar Ostiriya, leshin Suwizalan, da kwaikwayonsu na ƙasar Sin daga Kantin Kwari. A zazzage su kaf, da wuya a sami zane ɗaya da masaƙin ƙasar nan ya saƙa. Alhali kuwa shi kansa lefen asalinsa kwando ne na kaba.

In muna son ganin girman abin kunyarmu, sai mu dubi 'yan'uwanmu na zangon Kumasi, a ƙasar Gana. Da yawa daga kakanninsu fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, suka bazu, wasu suka yada zango a Kete-Krachi, wasu daga baya suka gangara Kumasi. Wata 'yar ajinmu, haifaffiyar can, ta ba mu labarin gidansu. Suna da zanen saƙi guda, da rigar tsamiya mai aska takwas, waɗanda kakan kakanta ya taho da su daga ƙasar Kano. Kowace amarya ta gidan da zanen nan ake kai ta ɗaki, kowane ango da rigar nan yake zuwa ɗaurin aure, sannan a naɗe su a mayar cikin adudu. A watan Nuwamba na 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, rabin gidan ya kama hanya. An karyar da gado da keken ɗinki a kan kuɗi ƙalilan, amma zane da riga ba a yarda ko tayinsu a yi ba. Tsohuwar gidan ta danƙa su ga 'yarta da ta rage, kafin ta hau mota.

Me ya sa? Domin baƙo ya san tufar nan ita ce shaidar asalinsa. Mu kuwa da muke zaune a bakin marina, mu ne muke toshe hanci.

Mu tsaya mu lissafa hannuwan da riga ɗaya take bi. Manomi ya noma auduga. Mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Marini ya tsoma a karofi da baba da toka. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, maɗinki ya harhaɗa, mai aikin allura ya yi watanni a kan aska da tambari, mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi. Gida nawa ke nan suka ɗora tukunya? Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafinmu har Tambutu da Tarabulus. Yau jikokin masu wannan sana'a su ne 'yan dakon dilolin wasu.

Za a ce mana saƙi yana da tsada. To, wa ya fi tsada, zanen da ya aurar da kaka da uwa da jika, ko leshin da yayinsa yake wucewa kafin a yi suna? Za a ce yana da nauyi. Ya kai nauyin bashin da ƙaramin ma'aikaci yake ci don cika akwati, har ya shekara biyu albashinsa ba nasa ba? Za a ce zamani ya zo da inji. Ina injin? Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Rashin wuta da fasa-ƙwauri sun yi nasu ɓarnar, amma ɗan fasa-ƙwauri ba ya ɗauko abin da ba mu saye. Mun yar da na hannu, ba mu riƙe na inji ba.

Ba cewa muke a ƙone atamfa ba. Abin da muke nema kaɗan ne, kuma yana hannunmu. Duk wanda zai haɗa lefe a cikinmu, ya rage akwati ɗaya, ya sa zanen saƙi a saman kaya, inda dangin amarya za su fara gani. 'Yan'uwanmu mata su nemi hakan da bakinsu, don maganarsu ta fi tamu tasiri a wannan fage. Wanda kuma yake da tsohuwar riga a gidansu, ya hana a sayar wa dillalan kayan tarihi. Ƙungiyar ɗalibai ta gayyato masaƙa da marina su baje kolinsu a makon al'adu, a saya da kuɗi, ba a tafa musu kawai ba.

In mun ƙi ji, ranar tana zuwa da jikokinmu za su yi fasfo su tafi Kumasi don su ga irin zanen da Bahaushiya take aure da shi. Kayan aro dai ba ya rufe katara.