Ra'ayin Jarida: Ƙishirwar da Ke Biyo Bayan Ambaliya, Daga Damagaram Zuwa Kelle

Daminar shekarar 2024 ta bar wa Jamhuriyar Nijar tabon da ba za a manta da shi da wuri ba, domin alƙaluman gwamnati sun nuna cewa kusan mutum 400 ne suka rasa rayukansu, ambaliya kuma ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi. A jihar Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon watan Satumba, sannan aka ɗage komawa makaranta a faɗin ƙasar daga ranar 2 zuwa ranar 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa da yawa sun faɗi, wasu kuma sun zama mafakar waɗanda ruwa ya kora daga gidajensu. Duk lokacin da aka yi lissafin asara irin wannan, gidaje da rumbuna da dabbobi da gonaki ne ke shiga kunnen jama'a, su ne kuma ake kai wa gudummawar hatsi da barguna da tabarmi. Abin da ba a cika ji ba shi ne kwana nawa famfo ya yi a bushe a wane gari, da rijiyoyi nawa ƙazanta ta cika, alhali a nan ne masifa ta biyu take farawa bayan ta farko ta lafa. Wannan jarida tana ganin cewa ɗaukewar ruwan famfo bayan ambaliya abu ne da ake iya hangowa tun daga rani, kuma garuruwan karkara irin Kelle, waɗanda ba su da yawan masu magana da yawunsu, su ne suka fi cancanta a fara yi wa tanadi.

Dalilin da ya sa yawan ruwan sama ke kashe famfo yana cikin yadda ake samo ruwan tun asali. Ana haƙa rijiyoyin burtsatse, waɗanda a Nijar aka fi sani da foraj, a cikin kwari da fadamu, domin a nan ne ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi kusa kuma ya fi yawa, sai dai nan ɗin ne kuma ruwan sama yake taruwa idan ya yi yawa. Da zarar ruwa ya haye bakin rijiyar ko ya shiga ɗakin da injin da akwatin lantarki suke, dole a tsayar da aiki, ko kuma na'urorin su ƙone da kansu. Bututun da ke kai ruwa gari yakan ratsa koramu, kuma korama guda da ta zo da ƙarfi ta isa ta tono shi ta karya shi cikin dare ɗaya. Birnin Damagaram ya daɗe da sanin wannan rauni, saboda yana zaune a kan dutse mai ƙarancin ruwa, har ma ana lissafa ƙarancin ruwan cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasar daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan da birnin ke sha a yau daga nesa yake zuwa, daga Gogo da Macaya ta kudu, da Arunguza da Ganaram ta arewa, kuma kowane kilomita na bututun da ke tsakani wuri ne da ambaliya ke iya yankewa. Can gabas kuma, a Maiduguri, fashewar madatsar ruwa ta Alau a daren 9 zuwa 10 ga Satumba 2024, shekara talatin bayan irin ta ta 1994, ta shanye birnin kuma ta raba shi da madogarar ruwan famfonsa a lokaci guda, kuma ba a cika wata ɗaya ba gwamnatin Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara.

Kelle tana arewa da Gure, a yankin duwatsun Kutus, inda ruwan da ya sauka a kan tuddai ba ya samun ƙasar da za ta riƙe shi, sai ya gangaro da gudu ta koramu zuwa kwarurukan da mutane ke noma da kiwo da haƙa rijiyoyi. A manyan garuruwan karkara na Nijar, tsarin famfon da aka saba kafawa shi ne wanda ma'aikata ke kira mini-AEP, wato ƙaramin tsarin rarraba ruwan sha, wanda ya ƙunshi foraj ɗaya ko biyu, da injin gazuwal ko faifan hasken rana, da shato, wato tankin da aka ɗaga sama don ruwa ya gangaro da nauyinsa, sai 'yan famfunan unguwa da kwamin shayar da dabbobi. Tsari ne mai amfani ƙwarai wanda ya sauke wa mata wahalar guga, amma ƙafa ɗaya gare shi. Babban birni yana iya rufe wani ɓangare ya juya ruwa daga wani, ƙaramin gari kuwa idan injinsa guda ya tsaya, abin da ya rage a shato shi ke nan, kuma ba a gina shato don ya riƙe gari kwanaki ba. Ƙari a kan haka, ruwan da ya lalata injin shi ne yake yanke hanyar da makaniki da kayan gyara da man inji za su biyo, ta yadda gyaran da zai ɗauki yini ɗaya a cikin birni yana iya cin makonni a ƙauye.

Sanin wanda alhaki ya rataya a wuyansa yana da muhimmanci, domin a ranar da famfo ya bushe ne kowa yake nuna wani da yatsa. A birane da manyan cibiyoyi, kamfanin SPEN ne mai kayan aikin kuma mai zuba jari tun gyaran fuskar da aka yi wa fannin a 2001, rarraba ruwa da karɓar kuɗi kuma suna hannun NDE, kamfanin gwamnati da ya gaji kamfanin SEEN a wannan aiki a farkon 2024. A karkara abin ya sha bamban, saboda dokar ruwa ta 2010 da tsarin sakar wa ƙananan hukumomi mara sun ɗora kula da famfunan ƙauyuka a kan komin, wato ƙaramar hukuma, ita kuma takan ba ɗan kasuwa kwangilar tafiyar da su, ƙungiyar masu amfani da ruwa tana sa ido. A cikin kuɗin kowace jarka da aka saya akwai kason da ya kamata a ajiye don sabunta inji da faɗaɗa bututu. Wannan asusu shi ne garkuwar gari a ranar ambaliya, kuma tun da aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024 aka naɗa kantomomi a madadinsu, nauyin bayyana wa jama'a abin da ke cikinsa ya koma kan waɗanda aka naɗa ɗin. Haƙƙin mutanen Kelle ne, da na Gidigir da Bune da sauran garuruwan gundumar Gure, a karanta musu lissafin asusun a bainar jama'a kafin hadari ya fara haɗuwa.

Idan famfo ya ɗauke, mutane ba sa daina shan ruwa, komawa suke yi ga abin da ke kusa, wato tsohuwar rijiya da tabki da ramukan da ake tonawa a yashin korama. Haɗarin shi ne ambaliyar da ta tsayar da famfo ita ce ta cika masai ta yi ambaliya da abin da ke ciki, ta kwashe kashin dabbobi da mushe ta zuba a waɗannan wuraren, don haka ruwan da ya fi sauƙin samu a wannan mako shi ne ya fi kowane ruwa ƙazanta a shekarar. Nijar ta ga sakamakon gurɓataccen ruwa a 2021, lokacin da kwalara, cutar amai da zawo, ta kama fiye da mutum 5,000 ta kashe fiye da 150, jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa suna cikin waɗanda ta fi addaba, ta kuma gan shi a Diffa a 2017 da ɓarkewar ciwon hanta nau'in E, wanda ya fi yi wa mata masu juna biyu illa. Akwai kuma wani haɗarin da ba kowa ya sani ba, wanda ke cikin bututun kansa. Muddin bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, ruwa ne ke tsiyaya waje ta duk inda ya tsage, amma idan ya zama wofi, sai ya riƙa zuƙo ruwan kwata da laka ta waɗannan tsagogin. Saboda haka ruwan farko da famfo ya kawo bayan dogon yankewa ba abin sha ba ne, ko da an yi murnar ganinsa.

Abin da magidanta za su iya yi da kansu sananne ne, kuma ya kamata a riƙa maimaita shi. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita a lokacin masifa ita ce lita 15 ga kowane mutum a yini don sha da girki da tsabta, ke nan gida mai mutum goma yana buƙatar jarka shida masu cin lita 25. Ruwa mai laka sai an bar shi ya kwanta, ko a sa masa alif ko garin 'ya'yan zogale don dattin ya dunƙule ya nutse, sannan a tace da tsabtataccen ƙyalle, amma kwantar da laka ba ya kashe ƙwayoyin cuta, shirya ruwan kawai yake yi don matakin da ke biye. Matakin shi ne a tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa ƙwayar kulorin irin Aquatabs daidai da abin da aka rubuta a jikin fakitin a jira rabin awa, domin kulorin, wato sinadarin da ke cikin ruwan jabel, ba ya aiki sosai a ruwa mai duhu. Bayan haka a adana ruwan a mazubi mai ƙaramin baki da murfi, saboda randar da kowa ke tsoma moɗa a ciki tana iya ɓata ruwan da aka sha wahalar gyarawa. Wanda zawo ya kama kuwa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a kuma garzaya da shi asibiti.

Sai dai wannan jarida ba ta yarda a tsaya ga nasiha ba, domin matar da ɗakinta ya faɗi, itacenta ya jiƙe, tukunyarta tana ƙarƙashin ƙasa, ba ta da hanyar tafasa jarka shida a yini. Gaya mata ta tafasa ruwa ba tare da an miƙa mata kulorin da jarka mai murfi da sabulu ba, sauke nauyi ne da baki. Waɗannan kaya ba su da tsada kuma ba su da nauyin ɗauka idan aka kwatanta su da buhunan hatsi, abin da ake buƙata shi ne su riga damina isa cibiyar lafiya ta gari, tun hanya tana biyuwa.

'Yan ga-ruwa da masu amalanken jakai da shanu su ne ke zama famfon gari a irin waɗannan kwanaki, kuma ana yawan zarginsu da tsawwala kuɗi, alhali nisan tafiya da tsawon layi su ne ke rage yawan sawun da suke yi a yini. Ya fi amfani hukuma ta ɗauke su a matsayin abokan aiki, ta nuna musu rijiyoyin da aka amince da su, ta ajiye mutum a bakin kowace rijiya yana zuba ma'aunin kulorin a kowace jarka kafin ta bar wurin, sannan ta zauna da su da masu unguwanni a tsayar da farashin da mai saye da mai sayarwa za su iya ɗauka. Makiyaya ma suna cikin lissafin, domin a ƙasar kiwo irin Kutus, ware wa dabbobi wurin sha nesa da rijiyar mutane yana cikin matakan farko na kare lafiya.

Babban aikin kuwa na rani ne. A garuruwa da yawa zuwan famfo ya sa an yi watsi da rijiyoyin siminti da famfunan tuƙa-tuƙa, bakinsu ya farfashe, wasu sun zama juji, alhali su ne ƙafa ta biyu da gari zai tsaya a kai ranar da inji ya mutu. Ya wajaba kowace komin ta zaɓi kaɗan daga cikinsu, waɗanda ke kan tudu kuma suke da nisan aƙalla mita 30 daga masai, ta ɗaga bakinsu, ta yi musu daɓe da murfi, ta riƙa yashe su kowace shekara. Haka nan a ɗaga bakin foraj da akwatin lantarki sama da inda ruwan 2024 ya kai, tun da alamarsa ta nuna wa kowa iyakar da ya kamata a yi gini a kanta, a binne bututu da zurfi a kuma ɗaure shi da kankare a inda ya ratsa korama, a ajiye famfon maye gurbi da man inji na makonni a garin kansa, ba a Damagaram ba. Ma'aikatar kula da ruwa ta gundumar Gure ita ce ke da ƙwararrun da za su zagaya su tantance waɗannan wurare, kuma ya kamata a ba ta abin zirga-zirga a watannin bazara.

Idan kuma yankewar ta auku duk da haka, jama'a suna da haƙƙin a gaya musu gaskiya tun yinin farko, ta gidajen rediyon karkara da bakin masu gari da limamai da sanƙira a ranar kasuwa, a faɗi abin da ya lalace, da kwanakin da ake tsammanin gyara zai ci, da rijiyoyin da za a ɗiba da waɗanda aka hana. Bayan gyara, sai an wanke shato, an kora ruwa mai kulorin mai ƙarfi a cikin bututu an zubar, an auna an tabbatar da akwai sauran kulorin a famfon da ya fi nisa da shato, sannan hukuma ta sanar da cewa ruwan ya halatta a sha. Adadin kwanakin da kowane gari ya yi babu famfo, da adadin rijiyoyin da suka gurɓata da waɗanda aka wanke, ya kamata su shiga rahoton ambaliyar da gwamnati ke fitarwa a kowace damina, a layi ɗaya da gidaje da rumbuna, gari bayan gari, har da Kelle.