Wanke Sarƙar Keke: A Kula Da Baƙin Mai Da Kananzir



Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekuna da yawa da aka jingine a zaure sun koma kan hanya. Nan unguwarmu ta Turaki a Jalingo, za ka ga magidanci da ɗan makaranta kowa a kan keke mai giya, irin mai kaurin tayar nan da aka ƙera don hawan dutse. Na ji daɗin haka, domin tuƙa keke motsa jiki ne mai amfani ga mai hawan jini da mai ciwon suga. Abin da ke damuna shi ne yadda ake wanke sarƙar.

Yawanci yaro ake turawa ya tsoma ta cikin fetur ko kananzir da hannu tsirara, sannan ya malala mata baƙin man da aka juye daga inji. Baƙin mai ya riga ya gama aikinsa. Cike yake da ɓurɓushin ƙarfe da dattin ƙonewa, ga shi da danƙo, ƙurar hunturu na sauka sai ta manne, ta riƙa cin sarƙar da haƙoran giya kamar ana goga su da yashi. Fatar yaron ma ba ta tsira ba: fetur da kananzir na kwashe maiƙon fata, su bar ta da ƙaiƙayi da tsagewa.

Ruwan ɗumi da omo da tsohon buroshin haƙori sun wadatar. A goge sarƙar, a ɗauraye, a tsane ta da tsumma ta bushe sarai. Sai a riƙa juya feda baya ana ɗiga man sarƙa, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. In babu shi, man keken ɗinki ma ya yi, sai dai ba ya daɗewa. Bayan 'yan mintoci a share na saman da tsumma, don cikin gaɓoɓin ne ake bukatar man. Kada ya taɓa birki. Da damina kuwa, duk ranar da keke ya sha ruwa da taɓo, a sake.

Inda na fi jin tsoro shi ne ragowar kananzir ɗin. A zuba shi a gorar lemo, a ajiye gindin bango, ɗan shekara biyu mai jin ƙishirwa ya ɗauka ruwa ne. Uwa, in haka ta faru, don Allah kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin kananzir a huhu yake. Amai ne ke dawo da shi sama ya zarce hanyar numfashi, kuma kaɗan ya isa ya kumbura huhun yaro. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu, a wuce da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wato FMC, ko asibiti mafi kusa, tare da gorar. Ko da ya ci gaba da wasa a kai shi, domin tari da haki da zazzaɓi na iya ɗaukar sa'o'i kafin su bayyana.

Wanda sarƙa ta datse wa yatsa kuma, ya wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ya je a duba ko yana bukatar allurar tetanus. Baƙin mai ba maganin rauni ba ne, kada a shafa.