Nauyin Ƙuri'a a Zamfara ta Yamma

Sashe na 48 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowace jiha sanatoci uku, ba tare da duba yawan jama'arta ba. Ƙidayar 2006 ta nuna Kano na da mutum fiye da miliyan 9, Zamfara kuwa ba ta wuce miliyan 3 da ɗoriya ba. Ke nan a Majalisar Dattawa ƙuri'ar manomin Anka ta kusa ninka ta ɗan kasuwar Kurmi sau uku. Masu sukar tsarin tarayya a nan suke tsayawa. A ganina sun yi saurin tsayawa.

Me wannan fifiko ya tsinana wa mai shi? A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Bagega sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan dogon jiran kuɗi daga Abuja. Ma'adinai hurumin tarayya ne, haka 'yan sanda da soja. Gwamnan da talaka ya fi sani, wanda yake iya kayarwa, ba shi da iko a kan abubuwan da ke ɗaukar ransa. Inda ikon yake kuwa, Gummi da Bukkuyum murya ɗaya suka haɗa cikin 360, Anka kuma ta haɗa tata da Talata Mafara, bisa shatar mazaɓu da ba a sake ba tun 1996.

Ko wannan muryar ma ba ta da tabbas. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'un APC a Zamfara saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fitar da gwani ba. Abdul'aziz Yari ya rasa kujerar Zamfara ta Yamma, Lawali Hassan Anka na PDP ya hau. Ban ga laifin kotu ba, doka ta bi. Amma laifin shugabannin jam'iyya ne aka biya da ƙuri'ar wanda ya wuni a layi. A 2021 Gwamna Bello Matawalle ya koma APC ɗin da aka soke wa ƙuri'u, kuma babu wanda ya koma rumfar zaɓe don jin ra'ayin kowa.

Sai kuma waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukansu, musamman bayan kisan Janairun 2022 a Anka da Bukkuyum. Sunayensu na nan a rajistar rumfunan da suka bari, su kuwa suna zaman gudun hijira a cikin garin Anka.