Sabon kaya daga maƙera zuwa rumfa: ina tafiyar ke tsayawa?

Tun daga shekara ta 2023 babu maganar da ta fi yawo a bakin magabatanmu kamar ta dogaro da kai: mu ci abin da muka noma, mu yi aiki da abin da muka ƙera. Duk lokacin da aka buɗe wani bajen koli a Yamai, sai a nuno mana matasa a talbijin tsaye kusa da abin da suka ƙirƙiro: injin sussukar hatsi, injin matsar man gujiya, murhu mai cin icce kaɗan, akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da hasken rana. Minista ya zo ya yaba, a tafa, a ɗauki hoto. Amma bayan wata shida, ka zagaya babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, da wuya ka tarar da ɗaya daga cikin kayan nan a rumfar kowa. Abin da za ka gani shi ne na Sin da na Indiya, wanda aka shigo da shi a kwali.

A ganinmu ba basira ce ta yi ƙaranci ba. Hanyar da ke tsakanin maƙera da rumfa ce ba a share ba, kuma ku ƴan kasuwa, maza da mata, ku ne ke zaune a bakin wannan hanya.

Mu ɗauki misalin wani malami na jihar Jigawa a Najeriya, marigayi Mohammed Bah Abba, ɗan gidan maginan tukwane. Dabararsa ba ta da wuya: ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da ɗanyen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya tafi da zafin da ke ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27, tumatir da tattasai su yi sati uku. Kowace mai saida kayan miya ta san abin da wannan ke nufi: ba sai ta karyar da kaya da la'asar don tsoron su ruɓe kafin gobe ba. To amma duk da sauƙin abin, bai sayu da kansa ba. Tukwane 5,000 na farko da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina su, ya raba kyauta a ƙauyuka. Daga baya ya shirya wasan kwaikwayo, aka ɗauka a bidiyo, ana bi ƙauye-ƙauye da janareto ana haskawa da dare. Sai a shekara ta 2000 ya samu kyautar Rolex ta dalar Amurka 75,000. Wato wahalar ƙirƙirar ba ta kai rabin wahalar shawo kan mai saye ba. Ga kuma wani abu da bai kamata a ɓoye wa mai saye ba: tukunyar a lokacin bazara da rani take aiki sosai, in damina ta sauka iska ta yi laima sai sanyin ya ragu.

Misali na biyu kun fi saninsa, domin da yawanku kuna saida shi: buhun ajiyar wake mai riɓi uku, wanda ake kira PICS. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowane dabam. Iska ta ƙare, ƙwarin su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, tare da masu bincike na Afirka, cikinsu har da na INRAN a Maraɗi. Daga 2007, da kuɗin gidauniyar Bill Gates fiye da dalar Amurka miliyan 11, aka yi gwaji a ƙauyuka sama da 30,000 cikin ƙasashe 10. Ana ɗaure wake a gaban jama'a lokacin kaka, a dawo bayan watanni a kwance a gabansu, kowa ya sa hannu ya duba. Duk da wannan ƙarfi, sai da aka nemi masana'anta a Kano ta dinga yin buhun, aka nemi manyan ƴan kasuwa su sara, ƙanana su kai shi kasuwannin ƙauye. Inda babu mai saidawa kusa, manomi kan koma ga tsohon buhu da maganin ƙwari.

To in jami'a mai miliyoyi sai da ta bi ta hannun ɗan kasuwa, ina ga yaron da ke walda a bakin titi, wanda jarinsa bai wuce jikka ɗari ba?

Muna da namu ɗan ƙasa da ya yi suna, Abdou Maman Kané, masanin kwamfuta da ya ƙirƙiro hanyar ban ruwan garka ta salula: mai garka na gida ko kasuwa, ya kira lamba, famfo ya tashi. Ya ci kyautar Orange a 2011, ya kafa kamfaninsa Tech-Innov, a 2015 kuma ya karɓi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a Koriya ta Kudu. Abin alfahari ne. Sai dai irin wannan kaya, mai haɗe da famfo da faifan hasken rana, ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin mai garka in ba da bashi ko tallafi ba. Nan ne tarkon da masu ƙirƙira da yawa ke faɗawa: furoje ya zama shi ne babban mai sayensu. Furoje kuwa yana da ranar ƙarewa. Ran da ya naɗe tabarmarsa, in babu mai shagon da ke da kayan gyara, babu makanikin da ya iya abin, sai inji ya koma wurin kwanan kaji.

Sai maganar takarda. Ana yawan gaya wa matasa su je su yi rajistar abin da suka ƙirƙiro, kuma shawara ce mai kyau, amma a san iyakarta. Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai cibiya a Yawunde, wadda ta haɗa ƙasashe 17. Takarda guda tana kare mutum a dukkansu har shekara 20, muddin yana biyan kuɗin kowace shekara. In ya daina biya, kariyar ta faɗi. Kuma sai abin yana sabo ake ba da ita, don haka wanda ya riga ya baza kayansa a kasuwa kafin ya ajiye takardunsa yana iya rasa haƙƙinsa. Babban abin da ya shafe mu a nan kudu shi ne Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardar da aka samu ta Yamai ba ta hana wani ya kwaikwayi injin a Kano ko Katsina, inda masu saye suka fi yawa, ƙarfe kuma ya fi araha. Ko a cikin gida ma, OAPI ba ta da ƴan sandan da ke zagaya kasuwa; mai takarda ne zai kai ƙara kotu da kuɗinsa.

Ba mu ce takarda banza ce ba. Manoman albasa na jihar Tawa ba su manta ba da lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi yin rajistar sunan albasar Galmi a OAPI, a shekarun 2000. Sai da aka tashi tsaye kafin ya canza suna. Ga ƙaramin mai ƙira, sau da yawa rajistar suna da tambari, wadda ake sabuntawa duk shekara 10, ta fi yi masa amfani, domin a kasuwa suna ake saye. Mace ba ta tambayar lambar takarda, cewa take a ba ta irin na wane.

Banki kuwa ba ya ba da bashi a kan basira, takardar fili ko ta gida yake nema. Saboda haka jarin da ya fi kusa da mai ƙirƙira yana hannun Alhazai da Hajiyoyi na kasuwa, da kuma asusun mata masu adashi. Tsarin ma ba baƙo ba ne: tun zamanin cinikin gujiya Alhazan Maraɗi ke ba yaransu jari, a juya, a raba riba. Abin da ya hana a yi haka da masu ƙira shi ne tsoro ta kowane gefe. Ɗan kasuwa na tsoron ya zuba kuɗi, na farko ya yi kyau, na goma ya fito a karkace, ko yaro ya karɓi kuɗin guda hamsin ya kawo ashirin bayan lokacin ciniki ya wuce. Mai ƙira shi ma na tsoron Alhaji ya ɗauki samfurin ya sa a jaka, ya tafi Guwanzu, bayan wata huɗu kwantena ta sauka da irinsa a rabin kuɗi. Dukansu suna da hujja, kuma babu ministan da zai raba wannan gardama da jawabi.

Abin da muke ganin zai yiwu ƙarami ne. Mai rumfa ya karɓi guda biyar ko goma a kan amana, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu ko shugaban ƴan kasuwa: nawa ne kuɗin, nawa ne rabon kowa, wa zai gyara in ya lalace, kwana nawa ake iya maido da shi. A ba mata biyu ko uku masu sana'a su yi aiki da shi wata guda kafin a yi maganar yawa. Mai ƙuli-ƙuli ce za ta faɗa ko injin ya rage mata wahala ko ƙara mata wanki ya yi, ko man da ya fitar ya kai na hannu, ko kuɗinsa zai fita kafin azumi. Irin wannan bayani ba a samunsa a zauren bajen koli, kuma mai ƙira da ya ji shi da wuri ya tsira daga ƙera guda ɗari na abin da babu mai so.

Hukuma ma tana da nata rabo, wanda ya wuce raba lambar yabo. Makarantu masu dafa wa yara abinci, gidajen likita da barikokin soja duk suna sayen murhu, tukwane da injin niƙa. In aka ware wani kaso na wannan saye ga abin da aka ƙera a gida, aka kuma biya a kan lokaci, mai ƙira zai samu odar da zai nuna wa mai jari. Sannan a duba kuɗin duwan: muddin ƙarfe, batir da ƙananan sassan da yake shigowa da su ɗaya-ɗaya suna iso masa da tsada, alhali mai kwantena na sauke gamammen inji a kan sari, to a rumfa ɗaya za a ajiye su, kuma Hajiya za ta fara tambayar kuɗi kafin ta tambayi inda aka ƙera.