SHARHI: Kutsen BlueLeaks da mutanen da aka tona wa asiri ba su ji ba, ba su gani ba

A ranar 19 ga Yunin 2020, ƙasa da wata guda bayan wani ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd har ya mutu a birnin Minneapolis, ƙungiyar DDoSecrets ta saki gigabait 269 na takardun 'yan sandan Amurka a intanet. Ta raɗa musu suna BlueLeaks, ta kuma ce masu kutse na Anonymous ne suka miƙo mata su. Takardun na hukumomin tsaro fiye da 200 ne, wasunsu tun na shekarar 1996.

Masu kutsen ba su bi ofisoshin nan ɗaya bayan ɗaya ba. Ƙofa guda suka ɓalle, ta kamfanin Netsential da ke Houston a jihar Texas, wanda ke kula da shafukan waɗannan hukumomi da na cibiyoyin musayar bayanan sirri da aka kakkafa bayan harin 11 ga Satumban 2001. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: hukumomin da suka tara asirin miliyoyin mutane sun damƙa makullin rumbun a hannun ɗan kwangila ɗaya.

Ba za a ce fallasar ba ta yi rana ba. Da ita ce 'yan jarida suka nuna yadda jami'an tsaro ke bibiyar shafukan sada zumunta na masu zanga-zanga, da yadda suka riƙa kururuta barazanar masu ra'ayin sauyi, alhali rahotannin da ke gabansu na gargaɗi ne kan masu tsattsauran ra'ayin riƙau da ke yawo da makamai. Da wuya hukuma ta miƙa irin wannan takarda don raɗin kanta.

Sai dai kundin ɗan sanda ba labarin ɗan sanda kaɗai ke ciki ba. Akwai sunan wanda aka yi wa laifi ya kai ƙara, da na wanda aka zarga amma kotu ba ta taɓa kama shi da komai ba, da na maƙwabcin da ya tsegunta wani abu bisa amanar cewa ba mai ji. A cikin BlueLeaks an samu sunaye, lambobin waya, adireshin imel da bayanan banki. Emma Best, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa DDoSecrets, ta ce sun shafe mako guda suna tsame bayanan yara da na waɗanda aka zalunta, ta kuma amince cewa wasu sun iya kuɓuce musu. Mako guda a kan tarin da ya haura shekara ashirin ana tara shi! A ganina nan ne hujjar masu kutsen fafutuka ke yin rauni. Mai iko suke nufi da jifan, amma kan mai uwa da wabi yake sauka, kuma mai ikon yana da lauya da mai magana da yawunsa, shi kuwa mai tsegumin ba shi da kowa.

An gwada wata hanyar a 2022, lokacin da ƙungiyar Guacamaya ta kwashi terabait 6 daga ma'aikatar tsaron Meziko. Maimakon a watsa wa kowa, sai aka riƙa bai wa 'yan jarida da masu bincike bayan an tantance su, kuma daga nan ne jama'a suka san tsananin ciwon zuciyar shugaba López Obrador da leƙen asirin da sojoji ke yi wa masu fafutuka. Duk da haka, takardun da ƙungiyar ta kwasa daga ofishin babban mai gabatar da ƙara na Kolombiya sun tona ayyukan sirri na 'yan sandan Ostireliya kan masu safarar ƙwaya, ƙasar da ba ta cikin rigimar ko kaɗan.

Mu ma 'yan jarida ba mu fita daga zargi ba. Muna cin moriyar abin da wani ya karya doka ya samo, muna sakaya sunaye a labaranmu, mu kwana da tunanin mun sauke nauyi, alhali ɗanyen kundin na nan a fili ga ɗan damfara da mai neman ramuwa.

Mun ga ɗan ƙaramin misali a gida. Lokacin zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, masu iƙirarin alaƙa da Anonymous sun ƙwace shafin Twitter na hukumar NBC, suka kuma yaɗa abin da suka ce sunaye da lambobin wayar jami'an 'yan sanda ne. Dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan kutsen zai iya cutar da mutane. Sanarwa ke nan, ba ta dawo da abin da ya riga ya fita.

A Yulin 2020 hukumomin Jamus, bisa roƙon Amurka, sun ƙwace na'urar da ke ɗauke da BlueLeaks, bayan Twitter ya riga ya rufe shafin DDoSecrets. Kafin nan mutane sun sauke kundin a kwamfutocinsu, suka ci gaba da miƙa wa juna.