Malam Pitman Da Maganar Kame Kai

A hutun da ya wuce ina taya kakana kakkaɓe wani tsohon akwatinsa na ƙarfe, sai na ci karo da wani littafi wanda duk ya cika da zane-zane kamar sawun kaji a kan rairayi. Na ce, "Baba Tsoho, wannan wane irin rubutu ne, ba boko ba, ba ajami ba?" Ya yi dariya ya ce, "Kai dai abokina ba ka san kome ba. Wannan shi ne rubutun Pitman, da shi na ci abinci shekara da shekaru ina akawu." Ya ce a zamaninsu duk wanda ya ƙware da wannan rubutu, ya kuma iya buga tafireta, to, ba ya rasa aiki a ofis. Da muka komo makaranta sai na nemi labarin mai wannan suna na karanta. Abin da na samu shi ne nake so in gaya muku, domin ina ganin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Sunansa Isaac Pitman, watau Ishaku ke nan da bakinmu. An haife shi ran 4 ga Janairu, 1813, a wani gari wai shi Trowbridge a ƙasar Ingila, garin masaƙa ne. Su goma sha ɗaya ne wurin ubansu. Yana da shekara 13 ya bar makaranta, ya shiga aikin akawu a wata masaƙa. Amma barin makaranta bai sa ya bar karatu ba. Ya lura akwai kalmomi da yawa na Ingilishi waɗanda yake gani a takarda amma bai taɓa jin an faɗe su ba, saboda haka ya ɗauki ƙamus ya bi shi daga farko har ƙarshe, yana gyara bakinsa. Ku duba fa, yaro ne kamarmu, ba malamin da ya tsaya a kansa da bulala.

A 1831 ya tafi Landan ya yi 'yan watanni yana koyon aikin malanta. A 1832, yana da shekara 19, aka ba shi makaranta a garin Barton, can gefen kogin Humber. A 1836 ya koma wani gari, Wotton. Nan ne ya bar ɗariƙar da yake bi ta Kirista ya shiga wata, masu makarantar kuwa ba su ji daɗi ba, suka sallame shi a 1837. Bai zauna yana kuka ba, sai ya buɗe tasa makarantar. A cikin wannan shekara kuma ya fid da ɗan littafinsa na farko na rubutun gaggawa, ana sayar da shi kwabo huɗu.

Dabarar rubutun ita ce a rubuta abin da kunne ya ji kawai. Kowane baƙi yana da layinsa, wani miƙaƙƙe, wani lanƙwasasshe. Sautin da ke fita da sauƙi, kamar t, ana yi masa siririn layi, ɗan'uwansa mai nauyi kuma, watau d, sai a yi masa irin layin nan amma mai kauri. Wasula kuwa ɗige-ɗige ne da 'yan gajerun layuka a gefe. Ta haka mai rubutu yake iya bin bakin mai magana ba a bar shi a baya ba. A 1839 Pitman ya koma birnin Bath. Da gwamnati ta rage kuɗin aika wasiƙa ya zama kwabo ɗaya zuwa ko'ina cikin ƙasar a 1840, sai ya shiga koyar da mutane ta gidan waya. Almajiri ya rubuto ayoyin Littafi Mai Tsarki da sabon rubutun, shi kuma ya gyara ya mayar masa. Ana lissafa wannan cikin farkon karatun da aka yi ta wasiƙa. Sarauniya Biktoriya ta ba shi sarautar Sa a 1894, ya mutu a Bath ran 22 ga Janairu, 1897, yana da shekara 84.

To, amma abin da ya fi ba ni mamaki ba rubutun ba ne. Mutumin nan tun yana saurayi ya bar shan giya, ya bar cin nama, ba ya kuma shan taba, bai koma musu ba har ya mutu. A wata wasiƙa da ya aika wa jaridar Times ta Landan a 1879, ya bayyana cewa shekara arba'in da suka wuce ciwon ciki ya kusa kai shi kabari. Masu magani suka ce ya ƙara cin nama, ya riƙa haɗawa da giyar inabi. Ya bi, ciwo sai gaba yake yi. Da ya bar su duka biyu sai ya warke. Ya ce ya yi shekaru masu yawa yana aiki tun ƙarfe shida na safe har goma na dare. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban ƙungiyar masu ƙin cin nama, wadda aka kafa a garin Ramsgate a 1847.

Sai mun san yadda Ingila take a lokacin za mu gane nauyin abin da ya yi. Giya a can abin sha ne na yau da kullum, a gida da wurin aiki da wurin biki. A 1830 aka yi wata doka wadda ta ba duk mai gida da ke biyan haraji damar sayar da giya in ya biya fam biyu da sule biyu, sai dubban gidajen giya suka ɓullo. Ma'aikaci ya karɓi albashinsa ran Asabar, kafin ya isa gida rabi ya tafi, mata da 'ya'ya su kwana da yunwa. Wannan ne ya sa wani mai sayar da cuku, Joseph Livesey, shi da mutum shida, suka sa hannu a garin Preston a 1832, suka yi alkawarin ba su ƙara shan abin da ke sa maye. Mutane suka yi ta yi wa irinsu ba'a. A irin wannan zamani ne Pitman ya ce shi ma ba ya sha.

Yanzu bari in faɗi ra'ayina, kada wani ya ce na zo in raba shi da tsire. Ban ce mu bar cin nama ba. Nama halal ne, da shi muke layya, da shi muke suna, Kiristocin cikinmu ma suna yanka a bikinsu. Malamin kimiyya ya koya mana cewa akwai sinadarin da ake kira bitamin B12, wanda jiki ke samu daga nama da kifi da ƙwai da madara, ba ya samunsa daga hatsi da ganye. Ita ma ƙungiyar su Pitman ba ta hana ƙwai da madara ba. Ga shi kuma da yawa daga cikinmu mun fito daga gidajen da ba a ganin nama sai jefi-jefi, wake da gyaɗa da nono da daddawa ne suka raine mu. Wanda bai samu ba, ba a ce masa ya rage.

Ban kuma yarda cewa barin nama ne ya kai shi shekara 84 ba. Mutum ɗaya ba ya zama hujja. Gladstone, wanda ya yi Firayim Ministan Ingila sau huɗu, yana cin namansa yana shan giyarsa ta inabi, ya kuwa yi shekara 88, ya fi Pitman daɗewa. Tsawon rai na Allah ne. Abin da na yarda da shi shi ne, mutum ba shi da iko da yawan kwanakinsa, amma yana da iko da abin da zai yi da su. Pitman ma ba kome ya ci nasara ba. Ya yi shekaru yana fama a gyara rubutun Ingilishi ya zama yadda ake faɗa haka ake rubutawa, kamar dai bokonmu na Hausa, amma Turawa suka ƙi. Shi ya sa har yau muke rubuta k a farkon knife ba mu faɗarsa.

Abin koyi a wurinsa shi ne kame kai. Pitman ya ƙi giya a ƙasar da doka ta yarda da ita, abokai suna sha, mai magani ma ya ce ya sha. Ba wanda zai kama shi, ba wanda zai kore shi. Shi ya duba ya ga abin ba ya yi masa amfani, ya ce wa ransa a'a, ya kuma tsaya a kan maganarsa kusan shekara sittin. Mu fa? Yawancinmu ba mu taɓa kusantar giya ba, alhamdu lillahi. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mu ne muka ƙi, ko kuwa ido ne ya yi mana yawa? A gida ga iyaye, a unguwa ga maƙwabta, a makaranta ga malamai da shugabannin ɗalibai. Nan da shekara biyu ko uku wasunmu za su tafi jami'a, wasu su tafi neman kuɗi a garin da ba wanda ya san ubansu. Ranar nan ce za a san wanda ya ƙi da wanda aka hana.

Ba ma sai an jira ranar ba. Kowa ya san abin da ake yi a bayan ɗakunan kwana in an kashe fitila. Yaron da zai rantse maka shi da giya har abada, shi ne za ka ga yana zuƙar taba, wani kuma yana haɗiyar ƙwaya wai don ya kwana yana karatu lokacin jarrabawa. In ka yi magana ya ce ai wannan magani ne, ba giya ba ce. Ashe sunan ne muke gudu, ba mayen ba? Maganin tari mai kodin ma a kantin magani aka fara sayensa, amma ɓarnar da ya yi wa samari da 'yan mata ta kai har Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Na san wani wanda muka yi firamare tare, ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, musamman a lissafi. Da ƙwaya ɗaya ya fara, wani babban yaro ya ba shi. Yanzu ya bar makaranta, in ka gan shi a tasha ba za ka ce sa'ana ne ba. Duk lokacin da na je hutu mahaifiyarsa takan tambaye ni aji nawa nake, in na faɗa sai ta yi shiru.

Wani zai ce, ai wannan Bature ne, ba addininmu ɗaya ba, ba al'adarmu ɗaya ba, me zai koya mana? Gaskiya ne muna da namu magabata waɗanda suka fi shi kame kai, azumin da muke yi kowace shekara ma makarantar kame kai ce. Amma ai abin kunya ne a gare mu a ce wanda ba a hana ba ya bari don kansa, mu da aka hana kuma muna neman ƙofar baya. In ka ga abu mai kyau a hannun baƙo, ba laifi ba ne ka duba ko naka ya lalace.

Ga iyayenmu kuma ina da roƙo. Tsoro kaɗai ba ya riƙe yaro, domin tsoro a bakin ƙofar gida yake tsayawa. Ku riƙa gaya mana dalili, ku nuna mana abin da waɗannan abubuwa suke yi wa jiki da hankali da aljihu. Uban da ke aiken ɗansa sayen taba da safe, da wane baki zai yi masa faɗa da yamma? In kun zo ziyara kada ku tsaya ga kawo gari da sukari kawai, ku tambayi su wane ne abokanmu, ku dubi idonmu.

Mu kuma 'yan makaranta, ga wata 'yar shawara. Kowa ya zaɓi abu ɗaya wanda ya san yana cin lokacinsa ko lafiyarsa, ko da halal ne, kamar hirar dare ko barcin bayan asuba, ya bar shi har ƙarshen wannan zangon karatu ba tare da wani ya sa shi ba. In ya iya wannan, ran da aka miƙo masa abin da ya fi haka, bakinsa ya riga ya saba da cewa a'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kakana ya ba ni littafin nan, yana cikin akwatina. Na fara koyon layukan, ko da yake har yanzu siririn da mai kaurin suna rikice mini. Allah ya ba mu ikon kame kanmu a gaban mutane da bayan idonsu, amin.