Kafin Mu Zuba Kuɗinmu a Iska, a Je Lambar Rimi a Gani

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, don Allah ku daure ku kai ƙarshe kafin ku far mini a kwament.

Daren jiya a taron ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa an kawo shawarar kowa ya ba da N3,000 a sayi injin iska, wato fankar nan mai samar da lantarki, a kafa a saman ɗakin da muke karatun dare, don mu samu fitila da wurin caji lokacin jarrabawa. Aka haska mana bidiyon Turai, ga manyan fankoki farare tas suna juyawa a tsakiyar teku, aka yi ta tafi. Na ɗaga hannu, aka ce lokaci ya ƙure. To tunda ba a ba ni minti biyu a can ba, zan ɗauki minti goma a nan.

Da farko dai, kada wani ya ce ban san zafin rashin wuta ba. Ni ma da tocilan ɗin waya na yi karatun semistar da ta wuce. Ni ma ina bin layin mai caji, in biya, in dawo in tarar an cire wayata an sa ta wani. Kuma abin takaicin, a jihar da ke da Kainji da Jebba da Shiroro muke, ga Zungeru mai megawat 700 ta zo ta ƙaru. Wutar da ake haskaka wasu garuruwa da ita daga ruwanmu take fita, mu kuma muna fifita da kwalin indomi. Saboda haka Kwamared da ya kawo shawarar nan ban zarge shi da mugun nufi ba. Niyyarsa mai kyau ce. Amma niyya ba ta juya fanka, iska ce ke juya ta.

Tambayata ta farko ke nan, wadda ba a bar ni na yi ba: wa ya auna iskar Minna?

'Yan injiniya da 'yan fiziks, ku gyara mini in na yi kuskure. Wutar da injin iska ke bayarwa ba daidai da gudun iska take hawa da sauka ba. Gudun ake ninkawa da kansa har sau uku. Idan gudun iska ya ragu da rabi, ba rabin wuta za ka samu ba, kashi ɗaya cikin takwas za ka samu. Ƙananan injinan da ake tallatawa a intanet, wanda aka rubuta wa wat 1,000 a kwali, yawanci sai iska ta kai gudun mita 11 ko 12 a daƙiƙa yake ba da hakan. Wannan iska ce mai kaɗa manyan rassan bishiya, mai ƙwace wa mutum lema. Idan gudun ya sauko mita 3 a daƙiƙa, irin sassanyar iskar da muke jin daɗinta da yamma, lissafi ya koma ɗaya cikin 64. Raba 1,000 da 64, ka samu wat 16 ko ƙasa da haka. Ko cajar laftof ɗaya ba za ta ƙoshi ba. Kuma a daidai wannan gudun ne ma yawancin injinan suke fara motsi. Ƙasa da haka, ƙarfe ne kawai a tsaye yana kallonka.

Yanzu ku tuna yadda shekara take a garin nan. Da hunturu akan samu iska, ita ma ba kullum ba. A watan Maris, lokacin da ɗaki ke zama tanda, mutum ya kwana yana juyi a tabarma, ku fita waje ku kalli ganyen mangwaro. Ko motsi. Wato ranar da muka fi buƙatar wuta, ranar fankarmu za ta tafi hutu. Sai farkon damina kuma a samu guguwar nan mai yaye kwanon gidaje, ta yi minti talatin ta wuce. Wannan ba iskar samar da wuta ba ce, iskar karya fiffike ce. Ga kuma inda ake son kafa shi: saman kwano, tsakiyar gine-gine da bishiyoyi, inda iska ke zuwa a hargitse ta nan ta can. Ba don ado ake ɗaga manyan injinan sama can a fili fetal ba.

In kun ce lissafin allo ne kawai, to gani ya kori ji. 'Yan Katsina da ke cikinmu, ku ba mu labarin Lambar Rimi.

Tun 2005, marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, aka fara maganar tashar lantarki ta iska a can. Daga baya gwamnatin tarayya ta karɓi aikin, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa. Injina 37, kowanne kilowat 275, jimla megawat 10, a kan turaku masu tsayin sama da mita 50. A Disamba 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan Faransa da ke aikin a Rimi, sai Nuwamba 2013 ya kuɓuta a Zariya. Aiki ya tsaya cak. Bayan nan ministoci suka zo suka tafi, ana sa ranar ƙaddamarwa ana ɗagawa, shekara ta bi shekara. Yaron da aka haifa shekarar da aka fara maganar, yau tare muke zama da shi a ɗakin lakca.

Na san abin da za ku ce: ai ba laifin iska ba ne, rashin tsaro ne da halin kwangilar Najeriya. Na yarda ɗari bisa ɗari. Amma ai shi ne maganar tawa. Tsadar abu ba kuɗin da ke jikin rasit ba ne kawai. Akwai kuɗin gyara, da kayan gyaran da sai an yi oda daga waje da kuɗin waje, da ƙwararren da zai hau sama ya duba, da gadi, da shekarun da kuɗi ke kwance ba ya haifar komai. Injin iska abu ne mai juyawa dare da rana, yana da gabobin da ke cinyewa, ga ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Katsina fa ta fi mu iska, don can ƙurya Arewa da tsaunin Jos su ne aka sani da ita a ƙasar nan. Gwamnatin tarayya ce da baitulmalinta, da injiniyoyin da suka ƙera injinan da kansu. Idan su sun sha wannan wahalar, mu da N3,000 ɗinmu da shugabannin da ke sauka duk shekara fa? In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku gaya mini, ranar da injin ya fara ƙara ƙiii da tsakar dare, wa zai hau? Wane mai gyara ne a Bosso ko Tunga ya taɓa kwance irinsa? Mai gyaran janareta yana kowane lungu. Mai haɗa sola ma yanzu ba ka rasa shi. Mai gyaran injin iska fa? Kwamared zai gama ya tafi bautar ƙasa, ya bar wa 'yan aji ɗaya gumki a saman kwano.

Sannan ba a faɗa mana jiya ba cewa injin shi kaɗai ba ya aiki. Tunda iska ba ta da alƙawari, dole a sayi batir, a sayi inbata, a sayi na'urar daidaita caji, a kafa turke mai ƙarfi da siminti. Batir ɗin nan shi ne mai cin kuɗi, kuma in ya daɗe ba ya cika, mutuwa yake da wuri. Ka sayi batir mai tsada ka haɗa shi da injin da ke ba shi wat 16, ka kashe shi da yunwa ke nan.

Kada a fahimce ni baibai. Ban ce wutar iska ƙarya ba ce. Ƙasar Denmak fiye da rabin lantarkinta daga iska take samu. Amma ƙasa ce da teku ya kusan zagaye, kuma layukanta a haɗe suke da na Norwe da Suwidin da Jamus, in iska ta kwanta ta jawo daga maƙwabta. Jamus ɗin ma a ƙarshen 2024 ta ga kwanakin da ba rana ba iska, farashin wuta a kasuwa ya yi tashin gwauron zabo. A nan Afirka, Kenya tana da tashar Tafkin Turkana mai megawat 310, tana aiki sosai, saboda wurin wata kafa ce tsakanin tsaunuka da iska ke ratsawa da ƙarfi kusan duk shekara, kuma sai da aka daɗe ana aunawa kafin a zuba kuɗi. Su sun bi iska inda take. Mu kuma muna so mu sayi fanka sannan mu zauna addu'ar Allah Ya kawo iska.

Abin da Allah Ya hore mana a nan, ba sai an auna da na'ura ba, ƙeyarka ma ta sani: rana. Jami'ar Bayero a Kano an ƙaddamar mata da tashar sola mai megawat 7.1 a 2019. A Kumbotso an ƙaddamar da wata mai megawat 10 a Janairu 2023, daidai girman ta Lambar Rimi, ba tare da an kwashe shekara goma ana jira ba. Sola ma ba waliyyiya ba ce. Tana son batir, hadarin Agusta yana rage mata ƙarfi, ƙurar hunturu sai an riƙa gogewa. Amma ba ta da abin da ke juyawa balle ya karye, tsumma da ruwa sun isa hidimarta ta yau da kullum, kuma ka san gobe rana za ta fito.

Don haka ga abin da nake roƙon shugabanninmu, cikin girmamawa:

1. A dakatar da karɓar kuɗin nan tukuna. Wanda ya riga ya bayar a rubuta sunansa a ajiye masa.

2. In har ana son iskar, a nemi 'yan ajin ƙarshe su kafa ma'aunin iska a wurin, a tsayin da za a sa injin, su yi shekara guda suna rubutawa. Ga furojek kyauta, mu kuma mu samu hujja. In lissafi ya ƙaryata ni, wallahi ni zan fara biya, in kuma dawo shafin nan in ba da haƙuri.

3. A kawo farashi biyu a rubuce, na iska da na sola, kowanne da batir da kuɗin kafawa da gyaran shekara uku, a liƙa a guruf kowa ya gani, sannan a ƙaɗa ƙuri'a.

N3,000 a wurin wasu kuɗin data ne. A wurin wasunmu kuwa kuɗin garin kwaki da ƙuli-ƙulin kwanaki ne, wata uwa ce a ƙauye ta sayar da kaza ta turo. Irin wannan kuɗin ba a gwaji da shi saboda bidiyo ya burge mu.

Kwamared, ba faɗa nake da kai ba, gobe ma tare za mu sha shayi. Ka zo da alƙalumanka in zo da nawa. 'Yan Rimi da Charanchi da Katsina, ku faɗa mana abin da idonku ya gani. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kawo mana wuta mai ɗorewa.